Kunnen Aro

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in gama, domin duk abin da za ku ce na riga na faɗa wa kaina, har da ƙari. Kwana uku ke nan ina buɗe shafin nan ina rufewa. Yau dai na ce ko kunya za ta kashe ni sai na rubuta.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori, kuma a gidanmu Malama Shiru ake ce min. Ba wai ba na magana ba ne. Daga takwas na safe zuwa biyar na yamma bakina ba ya hutawa: sannu da zuwa, ga fom a cike, a zauna can, likita na zuwa, a yi haƙuri, a dawo ranar Laraba. Wayar tebur na ƙara, yara na tsala ihu, injin likita na ƙugi ta bayan ƙofa, ni kuma ina ta murmushi har kumatuna su yi tsami. Kafin in kai gida na ƙare tas. Ba abin da nake so sai ɗakina, labule a sake, awa ɗaya ba wanda ya kira ni. In na samu wannan, sai in dawo mutum.

Gidanmu kuwa ba gidan da ake samun wannan ba ne. Mama in ta rasa abokin hira da talabijin take yi, har tana ba 'yan wasan shawara. Auta, ƙanwata mai shekara goma sha tara, tana iya tsayar da mai kawo gas da hira har ya manta a ina ya ajiye babur ɗinsa. Su mutane ne abincinsu. In gida ya yi tsit na minti goma, sai Mama ta leƙo ta ce, “Lafiya kuwa? Wa aka yi wa rasuwa?”

Maza biyu sun taɓa zuwa nemana, duka sun tafi, kuma dalilin ɗaya ne: ba na ɗaga waya. Mama ba ta yafe min ba har gobe. Shi ya sa da na uku ya bayyana, ta zaunar da ni a bakin gadonta ta ce, “Wannan in kika kore shi da shirunki, ni da ke ne. Mutum ba ya auren bango.”

Na ukun nan malamin tuƙi ne. A wurinsa na koyi mota bara. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da farar riga mai gajeren hannu da biro biyu a aljihu, ga dariya da ake ji daga wancan titin. Yana koya maka juya mota yana gaisawa da mai gadi, yana tsokanar mai faci, yana ba ka labarin ɗalibin da ya taka mai a maimakon birki. Da yamma, lokacin da ni nake jan ƙafa, shi a lokacin ne ma ƙarfinsa yake dawowa, wai don ya wuni cikin jama'a. Ya taɓa ce min ranar hutu in ya zauna shi kaɗai a ɗaki, kafin azahar yake jin kamar zazzaɓi zai kama shi. Auta ta laƙaba masa suna Rediyo. Shi kuma har yau Ɗalibata yake ce min.

Kuma ina son sa. Ku rubuta wannan ku ajiye, domin nan gaba za ku yi shakka. In muna zaune wuri ɗaya, maganarsa ba ta damuna, ba ya jiran in amsa kowace jimla, sai in jingina ina sauraro kamar ana ruwan sama a kan kwano. Matsalar daga waya ta fito.

Da ya gane ba na son kira, sai ya koma saƙon murya, a ganinsa ya sauƙaƙa min. Tsakanin ɗalibi da ɗalibi yake ɗauka, a cikin mota, kana jin sigina na ƙyas-ƙyas a bayan muryarsa. Kafin in tashi aiki na tarar da shida ko bakwai a jere. Minti huɗu. Minti shida. Minti tara. Ni da na wuni kunnena na shan hayaniya, sai in dubi wayar in ji kamar an miƙo min wani fom ɗin. Da farko na daure ina ji duka. Daga baya na koma ƙara musu sauri, har muryarsa ta zama ta ɗan tsako. Daga baya kuma na fara barinsu su kwana.

“Ɗalibata, jiya ba ki ji saƙona ba, alamar ba ta yi shuɗi ba,” ya ce min wata rana, yana dariya, amma idonsa bai yi dariyar ba.

Me ya hana ni ce masa, Malam, na gaji ne, ka rage? Tsoro. Na san yadda masu magana suke jin wannan kalmar. Ka ce musu ka gaji da surutu, su ji ka ce ka gaji da su. Ga kuma Mama a gefe tana ƙirga min kwanaki.

Wata yamma na dawo na kwanta da kayan aikina a jiki, ko takalmi ban cire ba, Auta ta shigo neman caja. Na miƙa mata wayata na ce, “Don Allah saurara min waɗannan, ki gaya min kan maganar.”

“Yaya, saƙon saurayinki fa?”

“Labarin mota ne kawai. Ki taimake ni, kaina zai fashe.”

Ta sa abin ji a kunne ta zauna a ƙasa tana ta ƙyalƙyala dariya, kamar wadda aka kunna wa wasan kwaikwayo. Bayan rabin awa ta ce, “To, wata hajiya ta ja da baya ta shige kwandon shara. Tayar baya ta yi faci. Yayarsa na mura. Kuma sau uku ya tambaya ko kin ci abinci.”

Na ɗauki waya na rubuta masa:

“Allah ya tsare hajiya da kwandon shara. Tayar nan ka canza ta gaba ɗaya, facin ya isa haka. Ka gaishe min da Yaya, ta sha ruwan ɗumi. Na ci abinci, kai fa?”

Rubutu dai ba daga nan ba, a nan ne nake da baki. Ya amso da murya, Auta ta ji min, ta ce wai ya ce duk duniya ba mai sauraronsa kamar ni. Muka yi dariya ni da ita. Wannan dariyar ce yanzu in na tuna nake jin kamar in nutse.

Abin da na yi sau ɗaya don gajiya ya zama aikin kullum. Wata biyar muna haka. Ni in huta, Auta ta ji, ni in rubuta. Kowa ya samu abin da yake so, a ganina.

Sai ranar Talatar makon jiya. Saƙo ɗaya ne kawai ya shigo, minti goma sha ɗaya. Auta ta sa a kunne kamar kullum, tana yankan farce. Da farko tana murmushi. Can sai na ga ta ajiye abin yankan. Da ta gama ta cire abin jin a hankali, idonta ya yi ja.

“Yaya, wannan ba nawa ba ne. Ki ji da kanki.”

“Me ya ce? Wani abu ya faru?”

“Ba abin da ya faru. Ki dai ji. Daga wajen minti na bakwai.”

Haka yake dama. Shi sai ya yi ta zagaye, mota, ɗalibai, cunkoso, kafin ya iso abin da ke ransa. Ya taɓa ce min sai ya ji maganar ta fito daga bakinsa yake sanin abin da yake tunani. Ni kuwa sai na gama tunanin kaf kafin in buɗe baki, wani lokacin har sai an watse.

Na ce mata zan ji, bari in ɗan kwanta. Ranar mun yi yara goma sha biyu daga makaranta ɗaya, kowanne da kukansa. Na tashi na ga alamar ta riga ta yi shuɗi a wajensa, yana can yana jiran amsa, sai na rubuta:

“Allah sarki, Malam. Na ji duka. Na gode da ka gaya min.”

Ya turo alamar zuciya. Na ce gobe zan saurara. Goben ta zo da saƙonni bakwai sababbi, na Talata ya haura sama, na manta da shi. Auta kuma ta ɗauka na ji.

Ranar Asabar ya kawo yayarsa gidanmu ta ga Mama, karo na farko. Tun safe Mama ta sa aka wanke labulen falo, aka cire ledar da ke kan kujeru tun ranar da aka sayo su, aka fito da kofunan gilashi masu bakin zinariya da ko mu 'yan gida ba ma taɓawa. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗan aiki a wuya, Mama ta kalle ni ta ce, “Ta'aziyya za ki?” Na koma na sa mai ruwan hoda. Auta ta gyara min gira tana cewa, “Yau dai ki yi magana ko jimla biyar ce, ni zan ƙirga.”

Ƙarfe biyu suka iso. Yayarsa ma'aikaciyar jinya ce, gajera mai kaifin ido, da mayafi kore da jaka babba. Ashe surutun na gado ne. Ita da Mama suka haɗu kamar sun shekara goma da sanin juna: hawan jini, tsadar haya, yaran zamani, wace ce ta fi iya rainon shukar fulawa ta ado a tukunya. Shi yana tsakiya yana zuba musu man hira, Auta na cafewa. Ni na kawo shayi da kek, na zauna a kujerar gefe, na yi jimlolina biyar a awar farko.

A awa ta biyu na fara dusashewa. Wanda yake irina ya san abin da nake nufi. Kana zaune, idonka a buɗe, kana gyaɗa kai, amma ka tafi. Muryoyin suka haɗe suka zama abu ɗaya. Ina kallon zanen da ke jikin kafet ina lissafin minti nawa ya rage in cire ɗankunne.

Daga nesa na ji yayarsa na cewa, “Wannan ƙanen nawa, in ya fara ba birki.” Aka yi dariya. Sai na ji Auta, da muryar tausayi, ta ce:

“Ai ramuwa yake yi, Anti. Wanda ya kai shekara goma sha huɗu yana in'ina, yana cin abincinsa a bayan aji don kada a sa shi magana, ai dole ya rama. Ni wajen da marigayi Babanku yake ɗaukarsa a mota yana sa shi karanta allunan kan hanya da ƙarfi, shi ya sa ni kuka.”

Falon ya ɗan yi shiru. Shirun ne ya dawo da ni. Na ɗago na ga ya juyo yana kallona, fuskarsa ba fushi, sai dai mamaki, irin na wanda yake cewa, ashe kin gaya mata. Da na rufe bakina, da a nan abin ya tsaya: budurwa ta yi wa ƙanwarta surutu, a yi mata faɗa, a wuce. Amma ni rabin hankalina ne ya dawo, kuma na ga kowa ni yake kallo, na ɗauka jimla ta shida ake jira. Sai na yi murmushina na teburin aiki na ce:

“Wa ke in'ina?”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya a hankali haka ba. Ya dube ni. Ya dubi Auta, wadda ta toshe baki da hannu biyu. Ya sake dubana. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a kansa, na ga lokacin da ya gama haɗuwa.

Yayarsa ta ajiye kofi. Mama ta ce, “Ke wace irin tambaya ce wannan? Ba ke ya gaya wa ba?” Mama ba ta jure shiru, sai ta ja hirar ta koma kan fulawa da ƙarfin tsiya, yayarsa ta taya ta don kara. Shi bai ƙara cewa uffan ba. Minti ashirin Rediyo na zaune a falonmu hannunsa a kan gwiwa, shayinsa ya huce.

Da suka tashi, Mama ta tura ni rakiya da ido. Motar koyarwar na bakin ƙofa, da allonta a sama. Yayarsa ta shiga gaba ta rufe, ta shiga duba jakarta, don ta ba mu wuri. Ya tsaya yana juya makulli a hannu.

“Tun yaushe?” ya ce.

“Wata biyar.”

“Duka?”

“Kusan duka.”

“Amsoshin fa?”

“Ni nake rubutawa. Wallahi ni ce.”

Ya gyaɗa kai. “Ban taɓa gaya wa kowa maganar bayan aji ba. Ko Yaya yau ta fara ji. Sau huɗu na ɗauki saƙon nan ina gogewa.” Ya yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo. “Da kin ce min na cika ki, ai da na rage. Ni ɗalibi in ya ce in yi shiru zai juya mota, shiru nake yi.”

Ina da amsa, 'yan uwa. Ina da ita cike da ciki: cewa ba shi ne ya cika ni ba, duniya ce take cika ni kafin in iso gare shi; cewa muryarsa ce kaɗai nake iya zama kusa da ita awa biyu; cewa tsoron rasa shi ne ya sa na yi abin da zai sa in rasa shi. Amma duk wannan sai bayan awa ɗaya ya zo min a jere. A bakin ƙofar nan abin da ya fito kawai shi ne, “Ka yi haƙuri.”

Ya buɗe ƙofar mota, sai ya fasa shiga. Ya juyo. Ya buɗe baki, kalmar ta maƙale. Na ga leɓensa na rawa, ya runtse ido, ya haɗiye, ya sake farawa a hankali, yana ajiye kowace kalma daban.

“Tambaya ɗaya. Ranar da na ce ina so in aure ki. A saƙo na faɗa, don na kasa faɗa a gabanki. Wa ya fara ji?”

Wannan ne abin da ban gaya muku ba tun daga sama, don na kasa. Wata uku da suka wuce, ina kwance na rufe fuska da filo, Auta ta daka tsalle ta faɗo kaina tana cewa, “Yaya, tashi, Rediyo ya ce aure.” Daga baya na ji saƙon da kunnena, na ji shi ya fi sau ashirin, na san inda ya ja numfashi da inda ya yi dariyar tsoro. Amma ba wannan ya tambaya ba.

Zan iya cewa ni ce. Auta ba za ta taɓa tona ni ba, kuma na ga a idonsa yana roƙon in ce ni ce.

Na ce, “Auta ce.”

Ya kalli makullin da ke hannunsa. Sannan ya ce, “Na gode da ba ki yi min ƙarya ba wannan karon. Ki gaida Mama.” Ya shiga, ya sa sigina duk da ba kowa a titin, ya tafi.

Mama ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Da Auta ta gama yi mata bayani tana kuka, sai ta dube ni ta ce, “Ni na ɗauka shirunki na kunya ne,” ta shige ɗakinta. Ranar Lahadi na zauna na ji saƙon Talata daga farko har ƙarshe, ba tare da ƙara sauri ba. A minti na goma ya ce, “Ke kaɗai zan iya gaya wa, don ke in mutum na magana, da gaske kike ji.” Na rubuta masa shafi guda, na goge. Me rubutuna zai ce masa yanzu, bayan ya san yadda ake yin sa?

Ɗazu da na dawo aiki, ina cire takalmi, wayar ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga gare shi, na farko tun Asabar. Daƙiƙa tara. Mutumin da gaisuwarsa kaɗai take cin minti biyu.

Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ja min ƙofar ta fita. Na sa abin ji a kunne, yatsana na kan alamar tun kafin in fara rubuta muku wannan, kuma wallahi har yanzu na kasa dannawa.